Alamar Gyara

A Kara, bayan rumfar Kawu Sahabi,
inda warin albasa ke kama riga ya raka ka gida,
na kafa masa manhaja a tsohuwar kwamfuta
mai numfashi kamar tsoho ya hau tudu.
A cikinta na dasa wani ɗan harshe,
ɗan tayi a cikin uwa:
ba ya fita, ba ya cin komai sai abin da ta miƙa masa,
aikinsa ƙirga buhu da kwando.

Na ba shi tarawa da ɗebewa,
na ba shi sau, na ba shi rabawa,
na kaɗe hannu na ce an gama.

Kawu ya leƙa allo ya tsuke baki:
"Wanga gicciye naka bai san kasuwa ba.
Ukku da biyu biyat na ga makaranta.
Nan, in mace ta tako tun daga Kwalkwalawa,
biyat na, da 'yan ƙwarori bisa.
Ina gyara?"

Da dare a Mabera aka ɗauke wuta,
zafi ya zauna mini a ƙeya,
batir ya rage kashi talatin.
Na buɗe cikin ɗan harshen nan.
Ashe alama ba ta zuwa duniya da ma'ana,
sai an raɗa mata, kamar jariri ranar bakwai.
Na ɗauko gicciyen tarawa na ɗaura masa wutsiya,
+~
na ce wa mai fassara:
in ka gan ta tsakanin biyu,
karɓi na hagu, karɓi na dama, haɗa su,
sannan ka ɗora ɗaya a kan kowane goma.

Bai ce to ba. Ya tambayi matsayinta:
a tabarmar lissafi, gaban wa za ta zauna?
Son abin da na haifa ya ja ni,
na zaunar da ita gaba da sau.

Gari ya waye.
Ta yi gyara tun ba a ƙirga buhu ba,
sau ya ɗauki gyaran ya ninka arba'in,
allo ya ce rumbu ya faɗa ƙasa da sifili,
ga albasa jibge har rufin kwano.
Kulu mai rubuta rasit ta yi dariya
har biro ya faɗa mata a kofin zoɓo.

Kawu bai yi dariya ba.
"Gyara ba shi riga ciniki.
Sai an taya, an ce albarka, an ƙara, an sallama,
an auna, an ƙulle baki,
sannan hannu shi koma cikin kwando."

Na sauko da ita can ƙarshen tabarma,
bayan sau, bayan rabawa, bayan kowa.

Saura ɗaya: in sun jeru uku a layi,
ta ina za a fara ɗauri?
Kawu da ajami yake rubuta bashi, daga dama;
ni boko ya lanƙwasa hannuna hagu.
Muka ja har la'asar.
Kulu ta ce, ba ta ko ɗago kai ba,
a kewaye su da baka, kowa ya san ɗakinsa.

Wata rana wani zai buɗe wannan aiki ba na nan,
ya tarar da gicciye mai wutsiya
da babu shi a littafin kowa.
Na bar masa layi guda wanda inji ba ya karantawa:
ta Kawu Sahabi ce;
ka tara, sannan ka ji kunya ka ƙara.

Ranar Juma'a matar Kwalkwalawa ta dawo.
Kulu ta danna, allo ya ce gyaranta uku.
Kawu ya dubi allo,
ya dubi fason ƙafarta,
ya zuba bakwai.